Yadda Ake Sa Kwamfuta Mai Windows Ta Buɗe Ba Tare da Neman Kalmar Sirri Ba

Wannan tsari ya fi dacewa da kwamfutar da ke ajiye a gida. Idan ta tafi-da-gidanka ce, gara a bar ta a kulle, domin duk wanda ya kunna ta zai ga fayilolinka.

1. Ka danna maɓallin Windows tare da harafin R, ka rubuta netplwiz a akwatin da zai fito, sannan ka danna OK.

2. Ka zaɓi sunan asusunka, ka cire alamar da ke gefen layin sama, wanda ke wajabta shigar da suna da kalmar sirri, ka danna Apply. A Windows 11 sau da yawa layin ba ya bayyana, sai ka shiga Settings, Accounts, Sign-in options, ka kashe zaɓin da ke taƙaita shiga ga Windows Hello (wato shiga da fuska, zanen yatsa ko lambar PIN) kaɗai, sannan ka sake buɗe netplwiz.

3. A akwatin da zai fito bayan ka danna Apply, ka rubuta kalmar sirrin asusun sau biyu, ba lambar PIN ba. Ka natsu sosai a nan, domin kuskuren harafi ɗaya ba zai fito fili ba sai lokacin kunnawa.

4. Ka sake kunna kwamfutar domin gwadawa.