Yadda Na Rabu da Ƙyallin Fuskar Kwamfutata

Shagona a Agege ƙofarsa na kallon yamma, to daga La'asar sai fuskar laftof ɗina ta koma madubi. Ina cike wa mutane fom a intanet, fuskata kawai nake gani da motocin titi. Idona har ruwa yake.

Da farko na ƙure hasken allon. Batir ya riƙa ƙarewa da wuri, ga wutarmu ba tabbas. Na mayar da launin allon baƙi, abin ya ƙara muni, domin allo mai duhu ya fi dawo da hoto.

Wani dattijo maƙwabcina ne ya ce, "Malam, ai ƙofar ce a bayanka." Na ce, "Gaskiya ne, Baba." Na juya tebur, haske ya koma gefena, na ɗan sunkuyar da murfin. Rabin matsalar ta tafi nan take.

Sauran kuma ledar kariya marar sheƙi na sayo a Computer Village, Ikeja, daidai inci 15.6. Na kashe fanka saboda ƙura, na goge allon da ƙyalle mai laushi, na manna a hankali ina korar iska da katin ATM. Rubutu ya ɗan rage kaifi, amma yanzu ina aiki har Magariba.