Yadda ake gano matsalar bakyum in tsohuwar Marsandi mai gas tana dukan giya

Duk mai tsohuwar Marsandi mai shan gas mai giya otomatik, irin 240D ko 300D ɗin nan W123 da aka fara fitarwa a 1976, ya san wannan dukan, kana tafiya giya ta tashi shiga ta biyu sai ka ji dam kamar an bugo ka ta baya. Kafin ka yarda a sauke giyabos, dan Allah duba bakyum, wato zuƙar iska, tukuna, sau da yawa wata 'yar roba ce ta bushe ta tsage.

Injin gas ba ya samar da zuƙar iska irin ta injin fetur, shi ya sa aka sa masa famfon bakyum a gaban inji. Shi ke ba birki ƙarfi, shi ke kulle ƙofofi, kai har kashe motar ma aikinsa ne. Wani kaso kuma yana bi ta wani bawul da ke kan famfon injekta, yana rage zuƙar daidai yadda ka taka totur, sannan ya isa modileta, wato 'yar na'urar da ke daidaita ƙarfin shigar giya, a jikin giya. Bakyum ya yi kaɗan giya ta yi duka, ya yi yawa ta riƙa sulɓi. Riƙe wannan kawai.

Da farko duba man giya, inji a kunne mota ta yi zafi a waje mai daidai. Sannan ka tambayi kanka, in na murɗa makulli tana mutuwa nan take ko sai ta ɗan ja? Birki ya yi tauri? In tana ja ko birki ya yi tauri, to da alama yoyon babba ne.

Sai ka nemo gejin auna bakyum, in da hali famfon hannu irin Mityvac. Jona shi a babban tiyon da ke zuwa birki, a sulo ya kamata ka ga wajen inci 20 ko sama a kan gejin. In ya yi ƙasa sosai, famfon bakyum ne ko tiyon kansa.

Famfo lafiya? To cire ƙananan layuka ɗaya bayan ɗaya, na ƙofofi, na esi, kana toshe bakin da sukuru kana kallon geji. Wanda ka toshe allura ta hau, shi ne ɓarawon. Nan ake shan wahala gaskiya, don robobin jointi sun shekara arba'in suna cin zafi, taɓa su kaɗai sai su ɓare a hannunka, kuma in wani ya riga ka ya hautsina layukan sai ka nemi zanen motarka ka bi shi a nutse.

Daga nan sa gejin a layin da ke sauka giya. A sulo allura na sama, kana taka totur tana sauka a hankali har sifili. In ta tsaya cak ko ta faɗi lokaci guda, bawul ɗin nan na kan famfon injekta ne ko sandar da ke jan sa.

Modileta kuwa zuƙe ta da famfon hannu ka ga ko tana riƙewa. Ka ga man giya a cikin tiyon? Ta fashe, sai sabuwa. In tana riƙewa, cire hular robarta, akwai ɗan makulli a ciki, murɗawa hagu na tausasa dukan, dama na ƙara shi. Kaɗan-kaɗan fa, kana gwadawa a titi, don in ka tausasa da yawa kulocin ciki ne zai ƙone.