Yadda Za Ka Gane Shekarun Da Suka Dace Ka Fara Koyon Tuƙin Jirgin Sama

Wani zai ce maka idan ka wuce ashirin da biyar an bar ka a tasha. Wani kuma zai ce yaro ɗan sha takwas bai isa a damƙa masa jirgi ba, ya fara yin digiri tukuna. Dukkansu suna da abin kamawa, amma babu wanda ya yi maka lissafi. Shekarun da suka dace lissafa su ake yi, kuma lissafin na kowa daban ne. Ga yadda za ka yi naka.

Mataki na farko: san iyakokin da doka ta gindaya

Ƙa'idar hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, wadda NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, ke bi, ta ce sai ka cika shekara 17 kafin a ba ka lasisin tuƙi na kashin kai, wato PPL. Lasisin da ke ba ka damar tuƙi a biya ka, CPL, sai shekara 18. Babban lasisi na ATPL, wanda sai da shi ake zama kyaftin a jirgin fasinja, sai shekara 21 da awa 1,500 a sama. A Amurka ma sun ɗaga shi zuwa 23.

Ta ɗaya ɓangaren kuma akwai rufi: da zarar matuƙi ya cika 65, ya gama tuƙa jirgin fasinja tsakanin ƙasashe. A da 60 ne, a 2006 aka ƙara biyar. To daga 65 za ka fara ƙirga ka dawo baya.

Mataki na biyu: je wurin likita kafin ka kashe ko sisi

Wannan matakin mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ya fi cin rai. Ba kowane likita ba, sai wanda NCAA ta amince masa ya duba matuƙa, kuma gwaji mai daraja ta ɗaya za ka nema, domin shi ake buƙata ga lasisin kasuwanci. Za a duba zuciya, a sa maka na'ura a kunne a gwada jinka, a auna hawan jini da suga, a duba ido.

Akwai wani ɗan littafi da za a buɗe maka, kowane shafi cike da ɗige-ɗige masu launin ja da kore da ruwan goro, an ɓoye lamba a tsakiya. Likita zai ce, "Me ka gani?" Mai lafiyayyen ido zai ce saba'in da huɗu nan take. Wani kuwa zai ƙura ido, ya karkata kai, bai ga komai ba sai ɗige-ɗige. Shekara ashirin yana yawo bai san ba ya bambance ja da kore sosai ba. Gara ya gano haka a ɗakin likita da ya gano bayan mahaifinsa ya sayar da fili. Gilashi kuwa ba ya hana tuƙi muddin yana gyara gani yadda ake so, kada wani ya tsorata ka.

Shekaru na shigowa nan ma. Takardar lafiyar nan duk shekara ake sabunta ta, bayan an kai 60 kuma duk wata shida. Wanda ya fara yana da 40 ya sani cewa hawan jini da suga sun fi kusa da shi fiye da ɗan 20, kuma ranar da takardar ta faɗi aiki ya tsaya.

Mataki na uku: ƙirga kuɗin hanyar gaba ɗaya, ba na zangon farko ba

A nan ne maganar take, kuma a ganina shi ne yake yanke shekarun fiye da takardar haihuwa. Koyon tuƙi da awa ake biyan sa. PPL na buƙatar aƙalla awa 40, CPL kuma awa 200, ko 150 idan a makaranta ce da ke haɗa dukkan horon a tsari ɗaya da aka amince da shi. Sai koyon tuƙi da na'urori kaɗai ba tare da ganin waje ba, sai na jirgi mai inji biyu. Ka gama duk wannan, kamfani zai tambaye ka ko kana da shaidar ƙwarewa a kan irin jirginsa, misali Boeing 737 ko Airbus A320, wannan kuma kuɗi ne na daban masu nauyi, galibi da dala. Matasa da dama sun dawo gida da CPL a aljihu sun zauna shekaru saboda wannan ƙarshen lissafin da ba a yi ba.

Abin da ya sa nake nanata a haɗa kuɗin tukuna shi ne hannu yana mantuwa. Ɗalibin da ya yi awa goma sha biyar, kuɗi suka yanke, ya tafi wata takwas ya dawo, zai tarar saukar da jirgin da ya fara iyawa ta gudu, sai ya sake biyan awannin da ya riga ya biya. Wanda ya fara yana da 26 da kuɗinsa a hannu zai riga ɗan 18 da ke tafiya yana tsayawa. Sauri ya haifi nawa.

Ko da kuɗin sun cika, ka bar sarari a lissafin lokaci. A Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa tun 1964, ɗalibai sun san halin hunturu: hazo ya sauko, ƙananan jiragen koyo na jere a fili, kowa ya sa kaki yana duban sama, amma ba za a tashi ba domin mai koyo sai yana ganin ƙasa da sararin gabansa. Haka damina take da nata hadarin. Akwai kuma kwalejin Ilori, wasu su nufi Afirka ta Kudu ko Amurka inda ake samun ranakun tashi da yawa, sai dai can farashin canji ne zai riƙa tashe ka da dare. Duk inda ka zaɓa, ka ware shekara biyu.

Mataki na huɗu: digiri tukuna ko jirgi tukuna?

Lasisi ba ya buƙatar digiri. Abin da ake nema shi ne sakamakon sakandare mai kyau, musamman Turanci da lissafi da fiziks. Turancin ma ba na jarrabawa kaɗai ba, domin da shi za ka yi magana da hasumiyar kula da jirage ta rediyo, kuma sai ka kai matsayi na huɗu a ma'aunin Turanci na ICAO.

Wanda ya shiga da 18 zai fito da 20, yana da shekara 45 a gabansa. Wanda ya yi jami'a ya yi bautar ƙasa zai shiga da 23 ko 24, ya fito da 25 ko 26, ya rasa shekara biyar ko shida. Ba ƙaramin rashi ba ne, saboda a kamfanonin jirage da yawa ranar da aka ɗauke ka aiki ce ke tsara layinka, wa zai riga wa zama kyaftin, wa zai riga zaɓen hutu. Amma mai digiri yana da inda zai dafa idan lafiya ta juya ko kamfani ya rufe, kuma a Najeriya mun ga kamfanonin jirage da yawa sun rufe. Ni dai idan kuɗin ba su haɗu ba a shekara 18, ban ga dalilin zaman jira ba, a tafi jami'a ana tarawa.

'Yan mata, lissafin nan naku ne ku ma. Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko a Najeriya da ta zama matuƙiyar jirgin kasuwanci, a Zariya ta koya, daga baya kuma ta shugabanci kwalejin.

Mataki na biyar: idan ka haura talatin

Ɗauki biro. Kana da 35, ka gama da 37, ka ba neman aiki shekara ɗaya ko biyu. Matuƙin kamfani ba ya wuce awa 900 zuwa 1,000 a shekara, don haka ko komai ya tafi daidai sai ka kusa shekara biyu kafin ka tara awa 1,500, kyaftin kuwa sai bayan nan da wasu shekaru. Har yanzu kana da fiye da shekara ashirin na aiki, sun isa su mayar da abin da aka kashe. Abin da ya kamata ka auna shi ne gida: wa zai riƙe iyali shekara uku zuwa huɗu babu albashi, kuma za ka iya zama a kujerar dama, ta mataimakin matuƙi, kana karɓar umarni daga kyaftin da ka girme shi? Idan ka kai 45, lissafin jirgin fasinja ya yi ƙunci, sai ka dubi jiragen haya masu zaman kansu ko aikin koyarwa.

Mataki na shida: gwada kafin ka yanke

Nemi makarantar da za ta ɗauke ka tashi na gwaji na awa ɗaya a ƙaramin jirgi mai kujera biyu ko huɗu, da rana tsaka lokacin da iska ke jijjiga shi. Malami zai sakar maka sitiyari na 'yan mintuna. Idan ka sauko cikinka na juyawa ba laifi, da yawa haka suka fara kuma yana wucewa. Idan kuwa ka sauko kana addu'ar kada a sake, ka huta da sauran lissafin. Idan ka sauko kana tambayar yaushe ne na gaba, rubuta ranar da kuɗinka za su cika, ka nemi gurbin shiga na farko bayan wannan ranar.