Yadda na tayar da Fijon Baba a Legas, da inda za ka fara in kana da irinta

Fijo 504 ce, salun, fara, haɗin Kaduna ta 1981. Baba ya saye ta yana aikin gwamnati, ta shekara sama da talatin tsakanin Funtuwa da Zariya, ko ɗigon tsatsa babu a ƙasanta. Da Allah ya yi masa rasuwa aka zo rabon gado, kowa ya kau da kai, ni na ce a sa min ita a rabona. Na tuƙo ta da kaina har Agege, kwana biyu a hanya. Damina biyu kacal ta yi a nan. Wata safiya na taka kulochi sai na ji shimfiɗar ƙasa ta lotsa, na ɗaga, sai ga kwalta ina kallo ta wani rami da hannuna zai shige.

Abin da ya kamata ka fara sani ke nan. A Arewa rana da ƙura ke cin mota, a Legas ruwa da gishiri ne. Iskar teku tana ɗauke da gishiri, laima ba ta barin gari ko da rani, ga ambaliya tun daga watan Yuni. Don haka duk wanda zai tayar da tsohuwar mota a garin nan, daga ƙasa zai faro. Fenti shi ne na ƙarshe, komai ƙaiƙayin da zuciya ke yi maka.

Ni ban san haka ba, fenti na fara yi. Na kai ta wurin wani mai fenti, ya cika ramukan da fila, ya fesa mata farin da ke ɗaukar ido. Wata bakwai fentin ya fara kumbura a gindin ƙofofi kamar ƙurajen zafi. Kuɗin ya bi ruwa, aka koma farko.

Ka samu rami ko wurin da ake ɗaga mota, ka shiga ƙarƙashinta da tocila da sukudireba. Ka ƙwanƙwasa, ka soka. Ƙarfe mai lafiya ƙara yake yi, ruɓaɓɓe kuwa shiru yake, ko ya zubo maka da jan gari a ido. A 504 wuraren da ke fara ruɓewa su ne ƙasan ƙafar direba da ta mai zaman banza, dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi, kusurwoyin gilashin gaba, mazaunin batir, saman shok na gaba, da ƙasan but inda safayar taya ke rataye ta waje. Ka ɗauki maganaɗisu, ko na tsohuwar lasifika ne, ka naɗe shi a ƙyalle ka bi jikin motar. Inda ya ƙi kamawa, fila ce aka lafta. In motar saye za ka yi ba gado ba, ka yi wannan gwajin kafin a fara ciniki, domin inji ana samunsa a kasuwa, amma gangar jikin da ta ruɓe har ƙashi ba ta da magani mai araha.

Ruɓaɓɓen wuri yanke shi ake yi, a sa sabon ƙarfe mai kauri daidai da na asali, a yi walda. Ka tsaya a kan mai gyaran jiki har ka ga ya yanke, ban da ɗora faci a kan ruɓa. Kafin ya kunna wuta a cire tankin mai da batir da kujeru. Bayan walda a goge, a shafa jan fentin nan mai hana tsatsa ciki da waje, sannan baƙin kwalta na ƙarƙashin mota. Akwai ƙananan ƙofofin da ruwa ke fita a gindin kowace ƙofa, ka tabbata ba a toshe su da fenti ba. Robobin gilashi da na ƙofa ka canza su duka, ta nan ruwan ke shiga ya kwanta ƙarƙashin shimfiɗa ba ka sani ba.

Sai inji. A nan ba kowane bakanike ne naka ba. Yaran yanzu da na'urar kwamfuta suka tashi, in ka buɗe musu bonet suka ga kafireta da kwantak sai su fara kallon juna. Ka nemi dattijo wanda ya yi zamanin da 504 ce motar gwamna da ta ɗan tasi. Kamfanin Fijo na Kaduna, wato PAN, ya fara haɗa motoci a 1975, ya ci gaba da fitar da 504 shekaru da yawa bayan Faransa ta daina, saboda haka masu hannu a kanta suna nan, sun dai tsufa. Nawa wani dattijon Bayarabe ne a bayan Pen Cinema nan Agege, ya yi zaman Kaduna, Hausarsa ta fi ta 'ya'yana. Ranar da na kai masa motar bai ko taɓa sifana ba. Ya ce a tayar, ya kafa dogon sukudireba a jikin inji, ya ɗora kunne a kan mariƙin, ya lumshe ido. Can ya ce, "Alhaji, wannan injin bai mutu ba, ƙishirwa ce da rashin kula." Na ce, "Baba, Allah ya sa." Haka kuwa aka yi.

Injin mai lita biyu ne, gangarsa baƙin ƙarfe, tof ɗinsa kuwa, wato murfin saman inji, alminiyam, a kishingiɗe yake gefe guda. Abin da ya bambanta shi da na Japan shi ne silif. Kowane fistin yana gudu ne a cikin silif mai cirewa, ruwan lagireto na zagaye shi kai tsaye, a gindinsa akwai ɗan siririn abin da ke raba ruwa da baƙin mai. In za a cire tof, ba a fizge shi sama, gefe ake fara juya shi don kada ya ɗago silif. Da an cire sai a danne silif ɗin da noti da wasa mai faɗi. Kuma muddin tof na ƙasa, kada wani ya juya inji. Mu wani yaron gareji ya juya mana, don dai ya ga fistin na hawa da sauka. Aka mayar da komai, kwana uku na zaro sandar duba mai, sai ga shi ya koma kalar shayi mai madara. Sai da aka sake sauke inji gaba ɗaya. Dattijon bakaniken ya kusa cinye yaron ɗanye.

Ga ma'aunan da na rubuta a bayan murfin akwatin dashbod, don kada wani ya yi min aiki da ka. Gibin bawul, inji na sanyi, milimita 0.10 a na shigar mai, 0.25 a na fitar hayaƙi. Gibin kwantak 0.40. Gibin fulogi 0.6. Jerin wuta 1-3-4-2, amma a lura, Fijo daga wajen giyabos take fara ƙirga silinda ta ɗaya, ba daga wajen fanka ba. Da yawa a nan suke ruɗewa su sarƙe wayoyin fulogi, mota ta dinga tari tana harbi ta salansa. Baƙin mai 20W-50 nake zuba mata, wajen lita huɗu, ina canzawa duk wata shida ko da ba ta yi tafiyar kirki ba.

Maganar ruwan lagireto ce na fi yin gardama da mutane a kai. Ruwan rijiya ko na burtsatse a Legas yana da gishiri da ƙasa, yana cin tof ɗin alminiyam daga ciki, ya toshe lagireto. Ka sayi ruwan sanyaya inji na jarka, in za ka sirka, da tataccen ruwan da ake ƙara wa batir za ka sirka, ba mai asid ba. Za kuma su ce maka a cire tamostat, abin da ke daidaita zafin ruwan inji, wai ƙasarmu da zafi. Ni ban cire ba. In mota na zafi a cunkoson Oshodi ko a kan gadar Third Mainland, ka duba lagireto da famfon ruwa da fambel da fankar kanta, a nan laifin yake.

Duk wata robar da fetur ke bi, daga tanki har kafireta, ka canza ta ranar farko ko da ido ya nuna maka lafiya lau take. Roba mai shekara arba'in tsagewa take yi ba sallama, fetur ya zubo kan inji mai zafi. Haka robobin birki. Man birki yana shan laima, a zubar a sa sabo duk shekara biyu. Wayarin kuma ka ba mai rewaya ɗaya, ya bi shi tiryan-tiryan ya cire duk ƙulle-ƙullen da aka yi da salatif, ya fitar da zaren waya da takardar sigari da aka cusa a gurbin fiyus. Taya lamba 14 take ɗauka. Ka duba lambobi huɗun nan na gefen taya, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Tsohuwar taya mai zane raɗau ta fi sabuwa mai sanƙo yaudara.

Kayan gyara kuwa, Ladipo ce ta farko, sai kasuwar 'yan sifiya ta Trade Fair, sai Owode Onirin in ƙarfen jiki kake nema daga motocin da aka farke. Ka tafi da tsohon abin a hannunka, ka tafi da bakanikenka, kada ka biye wa yaran da ke tare mutum a bakin titi. Ranar Alhamis kada ka yi sammako, sai ƙarfe goma ake buɗewa saboda shara. Gaskiya dai kayan 504 sun fara wuya a Legas. Abin da na rasa a nan, Fanteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano nake aikawa, direbobin da ke kawo albasa Mile 12 su taho min da shi a gaban mota. Tsohon abu na asali mai ɗan tabo ya fi min sabon jabu mai sheƙi. Kwantak da kwandensa na jabu sun taɓa ajiye ni a Ikorodu Road ana ruwa.

Yanzu a zo ga kwalliya, inda mutane ke ɓata rawarsu da tsalle. Ƙa'idata ɗaya ce, abin da Baba ba zai gane ba in ya tashi ya gani, ba ya hawa motar nan. Ba fitila mai shuɗin haske, ba manyan wili, ba allon talabijin a dashbod. Bambar 504 ƙarfe ne mara tsatsa, gogewa kawai yake so, haka murfin wili, kada a kusanto su da fenti. Zakin gaba ka nemi na asali, ka ɗaure shi da noti ta ciki, don sau biyu ana ɓalle min. Rediyo mai kaset na samu a hannun wani mai gyaran rediyo a Mushin, ya shige gurbinsa ba a yanka dashbod ba. Robar da ke juya kaset ɗin ta narke ta zama kamar ƙaro, ya wanke ya sa wata, yanzu kaset ɗin kalangun da Baba ya bari a but suna tashi. Na sa mata fitilun hazo masu ruwan ɗorawa guda biyu a kan bamba, sun dace da ita, tunda a Faransa har zuwa 1993 fitilar mota ruwan ɗorawa ce. Sai dai ka sa musu rile da fiyus nasu daban. Kariyar ɗora kaya a saman rufi tana da kyau ga ido, amma ka sa roba a ƙafafunta, in ba haka ba ta kankare fentin bakin rufi tsatsa ta samu ƙofa. Kujeru na kai wa mai ɗinki da guntun tsohon yadin, muka yi yawo har muka samu mai kama da shi. Shimfiɗar carbin katako ta kujerar direba kuwa ta Baba ce, zare kawai na sake mata.

Tsohuwar lambarta KD ce, domin lokacin da aka saye ta Funtuwa na cikin jihar Kaduna, sai 1987 aka yi Katsina. Na rataye ta a ɗaki, motar na yawo da lambar zamani. Takardu ka cika su tsaf, lasisi, inshora, takardar lafiyar mota, da shaidar mallaka mai sunanka, lambar shasi ta yi daidai da ta takarda. Tsohuwar mota ido take ja, kowane mai kaki sai ya ɗaga maka hannu, wani don aiki, wani don kawai ya ce ubansa ma ya yi irinta. Abin kashe gobara da alamar tsayawa mai kusurwa uku su zauna a but.

Ajiya ita ce rabin aikin. Ka samu rumfa mai iska. Tamfol ɗin leda da ake lulluɓe mota ruf tara gumi yake yi a ƙarƙashi, ya fi ruwan sama ɓarna. Kada ka bar ta da birkin hannu a ja tsawon makonni, kamewa yake yi, ka sa giya ka tokare taya da dutse. Tayar da ita minti biyar a tsaye ba ya amfana komai, sai ma tara ruwa a salansa. Ni duk Lahadi bayan asuba, kafin gari ya cika, nake fita da ita daga Agege zuwa Ikeja in zagayo, har inji ya yi zafi sosai. In na bi ta ruwa, ina dawowa sai a wanke ƙasanta da ruwa mai kyau, in ɗaga shimfiɗa in taɓa. In kuwa ta mutu a tsakiyar ambaliya, kada ka sake murza makulli. A tura ta waje, a cire fulogi huɗun, a juya inji ya tofar da ruwan, a duba mai, a busar da murfin distiributa, sannan a gwada.

Abin da ya rage min yanzu murfin fitilar baya ta hagu, na asali. Wanda ke jiki na jabu ne, jansa ya koɗe ya koma kalar zoɓon da aka sirka. Na ba wani direban albasa sallahu tun kafin azumi, ya ce ya ga wata 504 a yashe a bayan wata tsohuwar ma'aikata a Gusau, yana neman mai ita.