Yadda zaka gane nahawun Turanci da adon harshe ba tare da haddar ma'ana ba

Abin da yawancin ɗalibai ke yi shi ne su haddace cewa noun sunan mutum ne ko wuri ko abu, verb kuma kalmar aiki, sai ranar jarrabawa a ja layi ƙarƙashin kalma ɗaya ace wane rukuni ce, shikenan kai ya kulle. A Turanci aikin da kalma take yi a cikin jimla shi ke nuna rukuninta. Duba water a "I drink water", suna ce, amma a "I water the flowers" ta koma aikatau, alhali ko harafi ɗaya bai canza ba.

Toh ga yadda zaka yi. Duk jimlar da aka baka fara neman aikatau tukunna, kuma hanya mafi sauƙi ita ce ka canza lokacin maganar, ka mayar da ita jiya ko gobe, kalmar da ta motsa ita ce verb ɗinka. Mu a Hausa lokaci yana kan wakilin suna ne, ya rufe, zai rufe, su kuwa Turawa a jikin aikatau suke liƙa shi, close ya zama closed. Da wannan dabarar zaka kama is da was da are, waɗanda babu wani aiki da ake gani a cikinsu amma aikatau ne. Ɗauki "The tall boy quickly closed the door". Ka samu closed, sai ka tambaya wa ya rufe? Boy, shi ne subject. Me ya rufe? Door, object kenan. Tall tana bayanin yaron don haka sifa ce wato adjective, quickly kuma tana faɗin yadda akayi rufewar, bayanau ce, adverb. Kaga ka gama da rabin rukunan nan 8 da ake koyarwa, saura wakilin suna irin he da they, preposition irin in da on, mahaɗi irin and da but, sai motsin rai irin oh, waɗannan basu cika wahalar da kowa ba.

Amma kar ka yarda da zancen wai duk kalmar da ta ƙare da ly adverb ce. Friendly da lovely sifa ne, fast kuma tana zama duka biyun, a fast car daban, he runs fast daban. Haka wajen zaɓar "a" ko "an" a gaban kalma, sauti ake bi ba harafi ba, shi ya sa ake cewa an hour amma a university.

Nau'in rubutu kuwa tambaya ɗaya ce ke raba gardama, me marubucin yake so da kai? In labari yake baka, abu ya faru bayan abu, narrative ne. In yana so ka ga wuri ko mutum a zuciyarka, descriptive. In yana fahimtar da kai yadda abu yake ba tare da ya goyi bayan kowa ba, expository, in kuma yana jan ka zuwa ra'ayinsa da hujjoji, argumentative. Rubutu ɗaya na iya haɗa biyu ko uku, ka zaɓi wanda yafi rinjaye kawai.

Adon harshe ni a ganina nan ne ake tsorata yara a banza, don duk muna yinsa kullum, sunayen ne kawai baƙi. Simile kamance ce, dole kaga like ko as, "he fought like a lion". Ka cire like ɗin kace "he is a lion" ka shiga metaphor, siffantawa, ka mayar da shi zakin gaba ɗaya. Sai dai a kula, "I like books" ba simile bace, like ɗin nan aikatau ce, kuma masu shirya tambaya suna son wannan tarkon sosai. Personification mutuntarwa ce, ka ba abin da ba mutum ba halin mutum, "the wind whispered", iska dai bata raɗa. Hyperbole kambamawa, irin na faɗa maka sau dubu. Alliteration maimaita sautin baƙi ne a farkon kalmomin da ke kusa da juna, nan ma kunne ne alƙali, "phone" da "fan" sun dace amma "phone" da "pen" basu dace ba duk da p ɗin da ke gabansu. Irony kuma ka faɗi abu kana nufin akasinsa, kamar wanda yayi ɓarna ace masa sannu da aiki.

In an tambaye ka adon da ke cikin layi kar ka tsaya a sunan kaɗai, ka kwafo kalmomin da suka nuna shi, sannan ka ƙara jimla ɗaya ta me ya jawo a zuciyar mai karatu, misali metaphor ce, "he is a lion", ta nuna jarumtarsa da yadda ake shakkarsa. Don gwaji, ka ɗauki sakin layi ɗaya daga littafin Turancin da kake karantawa, ka zagaye duk aikatau da biro, ka ja layi ƙarƙashin subject ɗin kowanne, inda ka kasa samun subject ka sake dubawa ko umarni ne irin "close the door", wanda you ɗinsa a ɓoye yake.