Yadda zaka sa okid ɗinka ya haihu a jikin sandar fure

Yawancin masu okid (shukar furen ado) irin Phalaenopsis da fure ya zube sai su datse sandar su yar, alhali a gaɓoɓin da ke ƙasa da inda furen ya fito akwai ido yana barci ƙarƙashin wani ɗan siririn ɓawo. Abinda ya hana shi tsirowa sinadarin oksin ne, daga saman tsiro yake gangarowa yana danne idanun ƙasa kar su motsa, wani sinadarin kuma mai suna saitokinin shi ke tada su. Toh dabarar kenan, ka sa saitokinin ya rinjaya a gaɓa ɗaya tak.

Abinda zaka nema man keiki ne (keiki shi ne ɗan okid da ke tsirowa a jikin sandar), wani nau'in saitokinin mai suna BAP aka kwaɓa da maiƙon ulun tumaki don ya manne kar ruwa ya wanke shi. Amma fa sai shuka mai ƙarfi, ganye a miƙe, saiwa kore masu ƙiba, wadda take fama da kanta in ka ɗora mata goyo ƙarasa ta zakai.

Ka goge reza da sifirit, ka ɗaga ɓawon a hankali har ka ga ɗan koren idon, kar ka kuskura ka yanke shi, sai ka lakato man da tsinke ɗan mitsitsi ka shafa. Anan mutane ke zaƙewa wallahi, su laɓta da yawa ko su bi gaɓa huɗu lokaci guda wai don su samu da yawa, ƙarshenta wani cunkushen tsiro ne zai fito mara kan gado. Ɗaya ko biyu sun isa. Cikin 'yan makonni idon zai kumbura, wani lokacin kuma reshen fure zai baka maimakon ɗa, musamman in wurin da sanyi-sanyi, ɗumi shi yafi jawo ganye.

In ɗa ka samu kar ka yi gaggawar cire shi, sai yayi saiwa biyu ko uku masu tsawon santimita 5, kuma hakan watanni yake ɗauka.

In reshen fure ka samu, ka nisanta shi da ayaba ko tuffa masu nuna da hayaƙi, iskar etilin da suke fitarwa cikin 'yan kwanaki take yamutse fure har ƙunshin da bai buɗe ba ya zube.