Yadda ake shirya gangamin ranar ungulu a garinku

Duk wanda ya haura shekara arba'in a ƙasar Hausa ya san lokacin da ba a rasa ungulu a kwata, ko a kan rumfunan kasuwa, ko a kan tsamiyar bayan gari, har aka riƙa cewa ungulu ba ta jewar banza. A yau akwai garuruwa da dama da yaro zai kammala firamare bai taɓa ganin ta da idonsa ba. Ungulun nan ta kwata da muka fi sabawa da ita, tun a shekarar 2015 ƙungiyar IUCN, wadda ke tsara jerin halittun da ke cikin haɗari, ta sanya ta a sahun waɗanda ke dab da ƙarewa. Irin wannan hali ne ya sa aka keɓe Asabar ta farko a watan Satumba na kowace shekara domin wayar da kan jama'a game da ungulu a faɗin duniya. Na sa hannu a shirya wannan rana fiye da sau ɗaya, na kuma ga ƙungiyoyin matasa sun shirya ta da kyakkyawar niyya amma suka tashi a tutar babu, saboda haka bayanina zai fi tsayawa a wuraren da na ga ana tuntuɓe.

Ka fara aiki a watan Yuli, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Abu na farko shi ne ƙidaya. Ka zaɓi mutum biyu daga cikinku su riƙa zuwa kwata da sassafe lokacin da ake yanka, musamman ranar kasuwa, su tsaya nesa kaɗan su ƙirga ungulayen da suka gani a ƙasa da bisa itatuwa, su rubuta rana da lokaci da adadi a littafi guda wanda ba a amfani da shi don komai sai wannan. Idan ba su ga ko ɗaya ba, su rubuta sifiri, domin sifirin ma labari ne, kuma shi ne zai fi girgiza mutane ranar taro. A riƙa zuwa a lokaci ɗaya kowane mako. Wanda ya ƙirga da hantsi yau ya kuma ƙirga da la'asar a makon gaba, alƙalumansa ba su da abin da za a kwatanta su da shi.

A daidai wannan lokaci ku haddace hujjojinku, kuma ni a ganina uku sun isa. Ta farko, ungulu tana cinye mushe kafin ya ruɓe ya zama matattarar ƙudaje da karnuka, kuma ruwan cikinta yana da ƙarfin da yake kashe ƙwayoyin cututtuka masu yawa da ke jikin mushen. Ta biyu, ƙwai ɗaya take sakawa a shekara, ɗanta kuma sai ya yi shekaru kafin ya fara haihuwa, don haka idan aka kashe goma a wata guda ba a mayar da gurbinsu a damina ɗaya ko biyu. Ta uku ita ce abin da ya faru a Indiya, inda tun daga shekarun 1990 wani maganin ciwo mai suna diclofenac da ake yi wa shanu allurarsa ya riƙa lalata ƙodar ungulayen da suka ci mushen shanun, har wasu jinsuna suka ragu da fiye da kashi 95 cikin ɗari, mushe ya yi ta zama a fili, karnukan da ba su da masu su suka yawaita, kafin gwamnatin ƙasar ta hana amfani da maganin ga dabbobi a 2006. Wanda ya riƙe waɗannan uku da kyau ya fi wanda ya zo da takarda shafi ashirin yana karantawa.

Yanzu ga matakin da ya kayar da mu a shekararmu ta farko, wanda kuma shi ne ginshiƙin aikin baki ɗaya: zuwa wurin mutanen da ungulu ke hannunsu. Waɗannan su ne mahauta, da maharba, da masu sayar da kayan maganin gargajiya a kasuwa, da makiyayan da wani lokaci suke sa guba a mushe domin kashe dila ko karnukan da suka addabi dabbobinsu, sai ungulaye su sauka su mutu tare. Mu a waccan shekara mun buga takardu masu ɗauke da hoton kawunan ungulu da rubutun da ke cewa masu wannan sana'a maƙiya muhalli ne, muka shiga layin masu magani ranar kasuwa da wayoyi a hannu muna ɗaukar hoto. Kafin mu kai ƙarshen layin an naɗe tabarmi, an ɓoye abin da ake ɓoyewa, wani dattijo kuma ya kira ni gefe ya ce mini, "Yaro, da ka zo ka yi sallama ka zauna, da na faɗa maka abin da ba ka sani ba." Ranar taron ta zo, zaure ya cika da ɗalibai da ma'aikata, babu mahauci ko ɗaya, babu maharbi, babu mai magani. Mun yi jawabai masu kyau ga mutanen da dama can ba su taɓa kashe ungulu ba. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne mun kwashe kusan shekara biyu kafin mutanen layin nan su sake amsa sallamarmu da sakin fuska.

Hanyar da ta yi mana aiki daga baya ita ce wadda iyayenmu suka sani tun da can, wato da ɗan gari akan ci gari. Ku fara da mai unguwa ko dagaci, ku gaya masa abin da ke tafe da ku, ku roƙe shi ya haɗa ku da sarkin fawa da sarkin baka da shugaban masu maganin gargajiya. Kada ku tara su wuri guda a karon farko, domin kowanne yana da abin da ba zai faɗa a gaban ɗan'uwansa ba. Ku je mutum biyu ko uku, da wanda ya fi ku shekaru a gaba, da ɗan goro a hannu, ba kyamara, ba takarda, ba rigar ƙungiya. Bayan gaisuwa, tambaya za ku yi, kuma tambayar da na ga tana buɗe baki ita ce: "Ranka ya daɗe, a zamanin da kuka fara wannan sana'a, yaya yawan ungulu yake a nan, kuma yaushe kuka lura sun fara ja baya?" Tsohon mahauci zai ba ku labarin yadda suke share kwata tas kafin azahar, ya kuma gaya muku da bakinsa irin warin da karnukan da suka maye gurbinsu. Maharbi zai gaya muku itatuwan da suke sheƙa a kai a da, rimi ne ko maɗaci ko giginya, da shekarar da aka sare su. Wannan bayani ya fi duk abin da za ku samo a intanet daraja, kuma mutumin da ya faɗi asarar da bakinsa ya riga ya yi rabin tafiya zuwa wurinku.

Mai magani shi ne ya fi buƙatar haƙuri, domin abincinsa ake magana a kai. Kada ku ce masa sana'arsa ƙarya ce, kada kuma ku buɗe zance da barazanar hukuma, ko da yake doka ta hana cinikin irin waɗannan tsuntsaye kuma yana da kyau ya sani a ziyara ta biyu ko ta uku. Ku tambaye shi ko a cikin abin da ya gada akwai saiwa ko ganye ko sassaƙe da magabata suke amfani da shi a madadin sassan ungulu. Gidauniyar kiyaye muhalli ta Najeriya, wato NCF, ta bi wannan hanya tare da masu maganin gargajiya, inda aka ƙarfafa musu gwiwar komawa ga tsirrai, kuma a iya abin da na gani maganar tana karɓuwa idan daga bakin ɗan sana'a ta fito zuwa ga 'yan uwansa. Idan kuka samu mutum ɗaya tak a cikinsu da ya yarda ya tsaya ya yi magana ranar taro, to gangaminku ya samu ƙafa. Idan ba ku samu ba a bana, ku ci gaba da ziyara, kada ku tilasta.

Akwai abubuwa biyu da na haramta wa duk wanda nake aiki da shi, kuma ba na sassautawa a kansu. Na farko, ba a ambaton farashin kai ko ƙwai ko gashin ungulu a bainar jama'a, ba a kuma lissafa abubuwan da ake cewa suna magani. Masu shirya gangami sukan yi haka don nuna girman matsalar, alhali kuwa talla suke yi wa cinikin ba su sani ba, domin a cikin masu sauraro akwai matashin da ba shi da aikin yi, wanda abin da zai riƙe daga jawabin kawai shi ne tsuntsun nan kuɗi ne. Abin da ya faru a Gini Bisau a 2020, inda aka kashe ungulaye sama da 2,000 da guba, aka kuma tarar an cire kawunan da yawa daga cikinsu, ya isa ya nuna inda kwaɗayin wannan ciniki yake kaiwa. Na biyu, ba a bayyana inda sheƙa take. Idan maharbi ya nuna muku itacen da ungulu ke kwanci a kai, amana ce ya ba ku. Kada hotonsa ya hau Facebook ko WhatsApp, kada a kai ɗalibai kallo, a sanar da dagaci kawai domin a hana sare shi.

Daga nan sai malamai. Mako biyu kafin ranar ku kai wa limamin Juma'a ziyara, da shugaban coci idan akwai a garinku, ku ba su hujjojin nan uku a taƙaice ku bar musu sauran, domin sun fi ku sanin yadda za su shigar da maganar. Aya ta 38 a Suratul An'am, wadda ta ce dabbobin ƙasa da tsuntsayen da ke tashi da fikafikansu al'ummomi ne kamar mu, malamai da kansu suke kawo ta ba sai an tuna musu ba. Minti biyar a huɗubar Juma'ar da ta gabaci Asabar ɗin sun fi takarda dubu isa kunnen jama'a. Haka kuma gidan rediyon da ake saurare a yankinku: ku nemi gurbi a shirin manoma ko shirin da ake buga waya, ku tafi da sarkin fawa ya yi magana da kansa. Sayen lokaci na musamman yana da tsada, amma masu gabatar da irin waɗannan shirye-shirye sukan karɓi baƙo kyauta idan an je musu da wuri kuma da batu mai jan hankali.

Game da kuɗi, shawarata ita ce kada ku buga riguna da huluna. Su ne suke cinye mafi yawan abin da aka tara, su ne kuma suke jawo rigimar wa ya samu wa bai samu ba. Kada ku kama hayar zaure. A yi taron a inuwar da ke kusa da kwata ko a ƙofar gidan dagaci, da misalin ƙarfe goma na safe bayan an gama yanka, a shimfiɗa tabarmi, a ari lasifika. Ɗan abin da ke hannu a kashe shi a kan kuɗin motar baƙin da za su zo daga ƙauyuka, musamman makiyaya, da ruwan sha, da tamfol ɗaya saboda farkon Satumba damina ba ta gama ba.

Ranar taron kanta ba ta da wahala idan an yi abin da ya gabata. Dagaci ya buɗe, tsohon mahauci ya ba da labarin da, ɗayanku ya karanta alƙaluman littafin ƙidaya, mai magani ko maharbi ya yi nasa, jami'in kula da dabbobi ko na gandun daji ya yi bayanin haɗarin sa guba a mushe da yadda ake binne dabbar da ta mutu bayan an yi mata allurai. Kada a wuce awa biyu. Kafin a watse a nemi alkawari guda ɗaya da za a iya dubawa, misali cewa mahauta ba za su bari a kafa tarko ko a harbi ungulu a harabar kwata ba, kuma sarkin fawa ne zai sa ido.

Makarantu galibi suna hutu a Asabar ta farko ta Satumba, saboda haka ku ɗage nasu ɓangaren zuwa bayan an koma, ku shiga aji-aji da hoton ungulu mai rai tana shawagi, ku sa yara su je su tambayi kakanninsu karin magana da tatsuniyoyin da aka ambace ta a ciki su kawo a rubuce. Masu ƙidaya su ci gaba da zuwa kwata ko da sau biyu ne a wata, a littafin nan dai. Bayan mako biyu ku koma wurin sarkin fawa da sarkin baka da shugaban masu magani ku yi musu godiya ɗaya bayan ɗaya, ku kuma sanar da su cewa za ku dawo ranar 3 ga Maris, ranar namun daji ta duniya, ku karanta musu abin da littafin ya nuna a watanni shidan da suka wuce.